Dalilin Jinkirin Saukar Bidiyo: Nisan Saba, Madubanta da Hanyar Zuwa Kebbi

Kowane bidiyon da ke fitowa a fuskar waya yana ajiye ne a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Ita sabar tana cikin wani gini mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, ginin kuma yana wani gari a wata ƙasa. Idan mutumin Wurogauri, ko ɗan kasuwa a Gwandu, ko ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo ya latsa wani fim ko karatun tafsiri, wayarsa takan aika saƙon neman kwafi zuwa ga waccan saba, ita kuma ta riƙa turo shi guntu-guntu har ya cika. Da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar hoto alama ce ta cewa gutsattsarin da suka iso sun ƙare, na bayansu kuma suna hanya. Mutane sukan ce babu sabis, su wuce. Amma jinkirin yana iya faruwa a wurare daban-daban, wani a bakin ƙauye, wani a ƙarƙashin teku, kuma maganin kowanne daban ne.

Sai an fara da awo, domin a nan ake yawan ruɗewa. Nauyin bidiyo da megabayit ake auna shi, wato abin da masu waya ke kira MB, shi ne kuma ke raguwa a datar da mutum ya saya. Saurin hanya kuwa da megabit a sakan ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bayit 1. Saboda haka hanyar da ke gudun megabit 8 a sakan, MB 1 kacal take kawowa a kowane sakan. Fim mai nauyin MB 500 zai ɗauki minti 8 da 'yan sakanni a wannan hanya. Idan gudun ya faɗi zuwa megabit 1, fim ɗin nan sai ya haura awa guda. Idan kuwa wayar ta koma kan harafin E, inda gudun ba ya wuce 'yan ɗaruruwan kilobit, mutum zai iya jiran awa biyar bai gama ba.

Shi kansa bidiyon ba nauyi ɗaya gare shi ba. YouTube da makamantansa sukan ajiye kowane bidiyo a matakai da yawa na kyawun hoto, daga 144p mai dishi-dishi har zuwa 1080p da abin da ya fi haka. A ƙiyasin da YouTube ke bayarwa, hoton 360p yana bukatar gudun da bai kai megabit 1 ba, na 720p yana bukatar megabit 2.5, na 1080p kuma megabit 5. Ana yanka bidiyon zuwa gutsattsari na 'yan sakanni, manhajar kuma tana auna hanya a kowane lokaci, ta zaɓi matakin da hanyar za ta iya ɗauka. Wannan ne ya sa hoto kan fara da kyau, ya dusashe a tsakiya, daga baya ya sake washewa ba tare da mai kallo ya taɓa komai ba.

Hanyar da bidiyo ke bi ta fi yadda ake zato tsawo. Daga waya saƙo yakan tafi ta iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga ƙarfen yakan bi wayar fayiba da aka binne a ƙasa, wato zaren gilashi da ke ɗaukar bayanai a siffar haske, ko kuma ya bi farantan rediyo daga wannan ƙarfe zuwa wancan har ya isa inda fayiba take. Daga nan sai babbar cibiyar kamfanin waya, kuma irin waɗannan cibiyoyi a 'yan manyan birane suke. Idan abin da ake nema yana ƙasar waje, dole ya gangara Legas, domin a can ne kusan duk wayoyin ƙarƙashin teku na Najeriya suka fito tudu. Tsakanin Birnin Kebbi da Legas akwai sama da kilomita 650 a miƙe, fayiba kuma ba ta tafiya a miƙe, gefen titi take bi.

Tarihin waɗannan wayoyin teku gajere ne. Wayar SAT-3 ta fara aiki a 2002, kuma a lokacin kamfanin NITEL ne ke riƙe da ƙofarta a Najeriya. Shekaru kusan takwas ita kaɗai ce, ga tsada ga ƙarancin faɗi, shi ya sa yawancin shagunan intanet na wancan zamani suka dogara da farantan tauraron ɗan'adam. A 2010 wayar MainOne, wadda Funke Opeke ta jagoranci shimfiɗawa, ta haɗa Legas da Fotugal a tsawon kilomita 7,000. A shekarar ce kuma Glo-1 ta kamfanin Globacom ta fara aiki tsakanin Legas da Ingila. WACS da ACE sun biyo baya a 2012. Equiano ta kamfanin Google ta iso Legas a watan Afrilun 2022, sai 2Africa, wadda kamfanin Meta ke cikin masu ita, ta sauka a Legas da Akwa Ibom a 2024. A yau faɗin da ke jibge a bakin tekun Legas ya ninka na zamanin SAT-3 sau ba adadi.

Sai dai faɗin hanya bai kawar da nisa ba, kuma a nan ne gundarin maganar yake. Haske a cikin fayiba yana gudun kilomita kusan 200,000 a sakan. Wannan gudu ne mai ban mamaki, amma yana da iyaka. Tafiyar kilomita 7,000 zuwa Fotugal da dawowa tana cin milisakan 70, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Idan aka ƙara nisan Kebbi zuwa Legas, da tsayawar da saƙo ke yi a kowace na'urar da ke kan hanya, da ƙarasawa daga Turai zuwa Amurka inda manyan sabobi da yawa suke, kai-komo ɗaya yana iya kai wa milisakan 200 ko fiye. Mai karatu zai ce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba wani abu ba ne. Da sau ɗaya ake yin tafiyar, da haka ne.

Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen aika bayanai ba ta yarda saba ta zubo fim gaba ɗaya ba. Takan aiko da wani adadi, ta saurari amsar cewa ya isa, sannan ta ƙara. Da kaɗan take farawa, tana ƙarawa a hankali muddin amsa na dawowa lafiya, kuma da zarar wani guntu ya ɓace a hanya sai ta ɗauka cunkoso ne, ta rage gudu ta sake hawa. Lissafin a fili yake. A ce saba tana aiko da kilobayit 64 kafin ta jira amsa. Idan kai-komo milisakan 200 ne, gudun ba zai wuce megabit 2.6 a sakan ba, ko da hanyar tana iya ɗaukar ɗari. Idan sabar tana kusa, kai-komon ya zama milisakan 20, gudun zai iya kai wa megabit 26 a kan wannan hanya ɗin dai. Na'urorin yanzu suna iya aiko da fiye da haka kafin jira, amma dokar ba ta canza ba: duk ɓatan guntu ɗaya, mai nisa ya fi mai kusa daɗewa kafin ya farfaɗo. Hanyar rediyo ta karkara kuwa ba ta rabuwa da ɓatan gutsattsari. Shi ya sa mutum biyu za su nemi fim ɗaya a shafi ɗaya, na Landan ya gama cikin minti biyu, na Kalgo yana nan yana kallon da'ira, alhali gwajin gudun wayarsa ya nuna lafiya lau.

Maganin da aka samo tsoho ne, kuma ƙasar Gwandu ta san shi tun kafin lantarki. A ƙarni na 19, almajirin da ke Zariya ko Katsina ba sai ya yi takakkiya zuwa Gwandu ba duk lokacin da yake son duba wata mas'ala a littafin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Marubuta sukan kwafe littafin da hannu, kwafin ya zauna a zauren malamin garinsu, tafiya ɗaya ta wadatar da ɗalibai masu yawa. Haka ake yi wa saba. Akan kafa wata a wani yanki, a zuba mata kwafin duk abin da ke cikin ta asali, a riƙa sabunta shi lokaci-lokaci. Wannan ita ake kira madubi. Jami'o'i da cibiyoyin bincike a ƙasashe da dama sun daɗe suna ajiye maduban manhajojin kyauta irin su Linux, kuma mai saukewa yakan zaɓi na ƙasar da ta fi kusa da shi.

Madubi cikakke ba ya yiwuwa ga shafi irin YouTube, domin babu ginin da zai ɗauki duk bidiyonsa a kowace ƙasa. Don haka aka fito da ma'ajiyar wucin gadi, wadda ke riƙe abin da mutanen yankin ke yawan nema kawai. Mutum na farko da ya nemi bidiyo, daga nesa ake ɗauko masa, sai ma'ajiyar ta riƙe kwafi, duk wanda ya biyo baya a ba shi daga nan kusa. Idan wuri ya cika, abin da aka daɗe ba a nema ba shi ake sharewa. Kamfanin Akamai, wanda Tom Leighton da Danny Lewin na jami'ar MIT ta Amurka suka kafa a 1998, yana cikin na farko da suka mayar da wannan dabara sana'a, suna ba masu shafuka hayar ma'ajiyoyinsu. Daga baya manyan kamfanoni suka gina nasu. Google yana ba kamfanonin waya na'urorinsa su girka a cibiyoyinsu. Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana yin haka. Netflix ya fara nasa tsarin mai suna Open Connect a 2012, kuma yakan cika na'urorinsa da sababbin fina-finai a lokacin da hanya ba ta da cunkoso, tun kafin kowa ya nema. Cloudflare, wanda ƙananan shafuka da yawa ke fakewa a bayansa, yana da cibiya a Legas.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ban takaici a shekarun baya. Saƙon da ya tashi daga layin wani kamfani a Najeriya zuwa layin wani kamfanin a Najeriya, sai ya je Turai ko Amurka ya dawo, saboda kamfanonin biyu ba su da mahaɗa a gida. Don toshe wannan ɓaraka aka kafa mahaɗar intanet ta Najeriya, IXPN, a 2006, da goyon bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kuma Muhammed Rudman ne ke shugabantarta. A wurin ne kamfanonin waya, bankuna, jami'o'i da manyan masu bidiyo ke jona wayoyinsu da juna kai tsaye. Ta fara a Legas, daga baya ta buɗe rassa a Abuja, Fatakwal, Enugu da Kano. Amfaninta biyu ne a lokaci guda: bidiyo ya zo da sauri, kamfanin waya kuma ya huta da biyan dala don ɗauko abu ɗaya sau dubu ta ƙarƙashin teku.

Daga nan za a gane wani abin da masu kallo ke lura da shi ba su san dalilinsa ba. Ranar da aka saki sabon kashi na shirin Labarina ko Izzar So a YouTube, dubban mutane ne ke nemansa cikin awa ɗaya, don haka kwafinsa yana zaune a ma'ajiyar cikin gida, yana kuma buɗewa ba gardama. Amma ɗalibin da ke neman wata lacca kan ilimin haɗa magunguna da wani malami ya ɗora shekaru shida da suka wuce, wadda wataƙila babu wanda ya buɗe ta a Najeriya cikin watan nan, dole a ɗauko masa ita daga nesa. Tsarin yana fifita abin da jama'a suka yi wa ca, ba ya duban wanda ya fi amfani. Mai neman ilimi mai zurfi shi ne ya fi shan jira.

Lamarin ya fi tsanani ga ƙananan shafuka. Makarantar koyon sana'a ta intanet, ko ƙungiyar da ke ajiye karatuttukan malamai, ko gidan rediyon da ke ɗora shirye-shiryensa, sau da yawa saba ɗaya tak suke haya a Jamus ko Amurka saboda ta fi araha. Wani lokaci mai shafin ɗan Kano ne, masu saurarensa suna Sakkwato da Maraɗi, amma kowane karatu sai ya ƙetare teku kafin ya iso kunnensu. Mai shafin da ke zaune a Turai ba zai taɓa ganin matsalar ba, domin a wurinsa komai yana buɗewa nan take, sai ya ɗauka laifin wayar mai ƙorafi ne. Hatta Wikipedia, da girmanta, ma'ajiyoyinta suna Amurka, Amsterdam, Marseille, Singafo da São Paulo, kuma mai karanta sashenta na Hausa daga Turai ake ba shi. Ga rubutu wannan ba ya damun kowa. Ga bidiyo mai nauyi, a nan bambancin ke fitowa. Mai shafin da mafi yawan masu ziyararsa ke Arewa, ya kamata ya ajiye bidiyonsa a bayan kamfanin da ke da ma'ajiya a Najeriya, ko ya yi hayar wuri a ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na Legas irin su Rack Centre, ya kuma tanadi ƙaramin kwafi mara nauyi da na murya zalla ga mai ƙaramar data.

Wani jinkirin kuma mai waya ne ke jawo wa kansa. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da yawa sun saka manhajar VPN a wayoyinsu, wasu kuma sun saba barinta a kunne har yau. Aikin wannan manhaja shi ne ta bi da duk saƙon waya ta wata ƙasa, ta sa shafuka su ɗauka mutum yana can. Idan ta nuna cewa mutumin Gwandu yana Holan ne, to daga ma'ajiyar Holan za a ba shi bidiyon da kwafinsa ke Legas, ya yi tafiyar da ba ta zama dole ba.

Ranar 14 ga Maris, 2024, a kwanakin farko na azumin Ramadan, an ga abin da ke faruwa idan teku ta yi gardama. Wayoyi huɗu, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a lokaci guda a tekun da ke kusa da Kwaddebuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, harkokin wasu bankuna suka tsaya a Najeriya, gyaran kuma ya ɗauki makonni domin sai jirgin ruwa na musamman ya zo ya ciro wayar ya ɗinke ta. Kamfanoni sun karkatar da zirga-zirgarsu zuwa wayoyin da suka tsira, irin su Equiano. Duk abin da ke da kwafi a cikin ƙasa bai dogara da wannan gyara ba kamar wanda ke waje. Ga Jamhuriyar Nijar, wadda ke iyaka da Kebbi kuma ba ta da gaɓar teku, irin wannan matsala ninki biyu ce, domin sai ta bi ta ƙasar maƙwabta kamar Benin kafin ma ta isa bakin ruwan.

To amma duk wannan ci gaba, yawancinsa a Legas ya tsaya. Ma'ajiyoyi sun rage tafiyar teku, ba su rage tafiyar tudu ba. Reshen IXPN na Kano ma yana da nisan sama da kilomita 450 daga Birnin Kebbi. Ga mutumin Wurogauri, wurin da hanya ta fi ƙuntata a yau shi ne tsakanin bakin teku da ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da shi. Shimfiɗa fayiba a tudu yana da tsada, kuma wani ɓangare na tsadar kuɗin izinin haƙa gefen titi ne da jihohi ke karɓa. Tun 2013 aka yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin haka, har sai da Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya sake tayar da maganar a 2020, jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Bayan an binne wayar kuma, masu aikin titi da masu haƙar magudanar ruwa da ɓarayi suna yawan tsinka ta. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, ta kuma amince da shirin ƙara fayiba mai tsawon kilomita 90,000 ƙarƙashin Minista Bosun Tijani. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. Mai karatu zai iya gwada wayarsa da kansa ya ga inda aka kwana.

Shi kansa ƙarfen sabis rabo ake yi a kansa. Duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa faɗi ɗaya suke rabawa, shi ya sa bidiyon da ke gudu da asuba yake tsayawa bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya zauna da wayarsa, ko ranar kasuwa da baƙi suka cika gari. Yawan sandunan da ke saman fuskar waya ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba su nuna yawan masu rabon ba. Ƙarafan karkara da yawa da janareta da batir suke aiki, idan mai ya yanke su yi shiru. Waɗanda ke haɗe da farantan rediyo kuwa, ruwan sama mai ƙarfi na damina yana raunana su.

Wasu na ganin tauraron ɗan'adam ne mafita. Tsofaffin taurarin sadarwa, irin NigComSat-1R da aka harba a watan Disambar 2011, suna tsaye ne a nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa, don haka kai-komo ɗaya ta cikinsu yana haura rabin sakan. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, taurarinsa suna shawagi a nisan kilomita kusan 550, jinkirinsa kuma kaɗan ne. Ya dace da makaranta ko asibitin da fayiba ba ta kai gare su ba, amma kuɗin na'ura da na wata-wata da wutar da zai ci sun fi ƙarfin yawancin gidaje.

Mutanen yankin ba su zauna jiran kowa ba. A kasuwanni da tashoshin mota akwai matasa masu shagon cajin waya da kwamfuta a kan tebur, waɗanda ke sauke fina-finai, waƙoƙi da wa'azi sau ɗaya, galibi da datar dare mai rahusa, su riƙa tura wa jama'a a memori kan kuɗi kaɗan. Daga nan kuma abin ya yaɗu daga waya zuwa waya ta manhajar Xender, ba tare da an taɓa data ba. Ta fuskar fasaha wannan shi ne madubi mafi kusa da mai kallo, kuma ya fi na kowane kamfani sauri. Aibinsa shi ne mafi yawan abin da ake turawa ba da izinin masu shi ba ne, kuma masu shirya fina-finan Kannywood sun daɗe suna kukan cewa wannan yana cikin abin da ya karya kasuwarsu. Ga kuma ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke bin memori.

Ana iya yin irin wannan aiki ta halal, an kuma taɓa yi. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a Jami'ar Jos a 1999, ya ga yadda malamai da ɗalibai ke wahala da intanet mai tafiyar hawainiya. Da ya koma Jami'ar Iowa sai shi da abokan aikinsa suka fito da eGranary: akan nemi izinin masu shafuka da littattafai, a kwafe su cikin babban faifan ajiya, a kai shi jami'a a jona da kwamfutocinta, ɗalibai su yi bincike ba tare da intanet ba. Akwai kuma manhajar kyauta mai suna Kiwix, wadda ke ba mutum damar ajiye Wikipedia gaba ɗaya a kwamfuta ko waya. Makarantar sakandare a Gwandu, ko sashen wata jami'a a Kalgo ko Aleiro, za su iya tanadar kwamfuta ɗaya da ƙaramar na'urar wayfai da farantin sola, a sauke darussan bidiyon da masu su suka yarda a raba, ɗalibi ɗari su kalla daga saukewa ɗaya. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi.

Gano inda jinkiri yake ba ya bukatar injiniya. Idan shafi ɗaya ne ke jan ƙafa alhali YouTube da WhatsApp suna gudu, matsalar tana wajen sabar wancan shafi ko nisanta, kuma canza layi ba zai yi wani amfani sosai ba. Abin yi shi ne a duba ko shafin ya ba da zaɓin madubi, a ɗauki na Afirka ko na Turai a bar na Amurka da Asiya, a yi amfani da manhajar saukewa mai iya ci gaba daga inda aka tsaya, sannan a rubuta wa masu shafin a faɗa musu ƙasa da garin da ake, domin ba su san halin da ake ciki ba sai an gaya musu. Idan komai ne ke jinkiri da dare amma yana gudu da asuba, cunkoson ƙarfen sabis ne, sai a mayar da manyan saukewa zuwa tsakar dare, a rage hoto zuwa 360p, wanda a ƙaramar fuskar waya bambancinsa da na sama ba shi da yawa. Idan kuwa harafin da ke saman waya ya tsaya a E ko H a wurin da aka saba ganin 4G, kuma an kashe VPN an sake kunna waya bai canza ba har kwanaki, to lamarin na kamfani ne. Mai layi ya fara kai ƙara wurin kamfanin, ya karɓi lambar ƙorafinsa ya adana. Idan ba a gyara ba, ya kira NCC a lamba 622, kiran kuma kyauta ne daga kowane layi.